Zarton Kifi a Ɗakin Gwaggo

A gidanmu na unguwar Ridina, inda aka haife ni, inda kuma nake zaune har yau cikin yardar Allah, akwai wani abu rataye a ɗakin Gwaggo, sama da ƙofa daga ciki. Tsawonsa ya kai kamu biyu da ɗan ɗori, faɗinsa kamar tafin hannu, launinsa na tsohuwar ƙwarya da ta sha hayaƙi. Baƙo idan ya shiga gaisuwa yakan ɗauka takobi ne ko wani guntun katako. Ba ko ɗaya ba ne. Hancin kifi ne, wani ƙaton kifi da ake ce wa mai zarto, domin hancinsa yana miƙewa dogo, da haƙora jere a gefe biyu kamar zarton kafinta.

Babu irinsa a kogin Shari, babu a kogin Lagon. Ina saurayi na sha tambayar masunta a bakin ruwa, suna yi mini dariya. Kakana ne ya zo da shi. Iyayensa sun taso daga ƙasar Hausa da ƙafa da niyyar aikin hajji, suka yada zango a nan, zangon ya zama gida. Shi kuwa da ya girma sai ya kama fataucin goro, maimakon gabas ya riƙa yin kudu, har bakin teku ta wajen Duwala. Daga can ya dawo da zarton, lokacin Gwaggo tana 'yar shekara bakwai ko takwas.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, ita kaɗai ta rage a cikin 'ya'yan Kaka. Sunan Kaka aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Babana take ce mini, ko tana yabona ko tana yi mini faɗa, kuma faɗan ya fi yawa.

Amfanin zarton a gidanmu ɗaya ne. Duk lokacin da wani ɗan gidan ko 'yar gidan ta sami ɗan fari, idan jaririn ya fara dalalar da yawu yana cusa hannu a baki, sai Gwaggo ta sa a sauko mata da zarton. Ta yi bismillah, ta kama haƙori ɗaya da awartaki, ta yi ta girgiza shi a hankali har ya fita. A kai wa baduku ya ɗinke shi a jar fata, a rataya wa yaro a wuya har ya gama fitar da haƙoransa. Kakarmu ce ta fara, Gwaggo ta gada. 'Yan fari kaɗai ake yi wa, wai don uwar ɗan fari ba ta san komai ba, gara a taimake ta. Na taɓa ce wa Gwaggo, bayan na ɗan yi karatu ina jin kaina, sauƙi daga Allah yake ba daga haƙorin kifi ba. Ta tambaye ni wa ya halicci kifin. Daga ranar ban sake ɗaga maganar ba.

Duk ranar cire haƙori sai ta ba da labari guda, ba ta taɓa canza shi ba. Ranar da Kaka ya kwance kayansa ya fito da zarton, ita kuka ta fashe da shi, tana tambaya yaya kifin zai yi ba shi da baki. Sai ya ɗora ta a cinya, ya ce kada ta damu, kifin nan duk shekara idan ruwa ya cika yakan yar da zartonsa ya sake tofo wani, kamar yadda tsaka take yar da wutsiya. Masunta a kan yashi suke tsinta. Gwaggo takan ƙarasa labarin da cewa shi ya sa haƙorinsa yake da albarka, tunda kyauta ce, ba a zalunci kowa ba.

Ni kuwa na san ba haka ba ne, kuma na sani tun ina ɗan shekara ashirin. Wata shekara ana yaɓen ɗakin kafin damina, aka ba ni zarton in riƙe. A bayansa, wajen gindi, akwai layi biyar na rubutu da hannun Kaka. Kowa a gidan ya san da rubutun. Gwaggo tana karanta Alƙur'ani, amma ba ta koyi karanta ajami ba, kuma a wurinta duk abin da mahaifinta ya rubuta da tawada addu'a ce. Takan shafa wurin ta shafa a fuska. Ba ta taɓa cewa a karanta mata ba, domin a ganinta addu'ar da dattijo ya ajiye ba abin tonawa ba ce. Na zauna a inuwar bango na karanta, na sake karantawa, na mayar da zarton inda yake. Shekara arba'in da 'yan kai ban gaya wa kowa ba.

Haƙoran goma sha bakwai ne a kowane gefe. Shekara biyu da suka wuce aka cire na ƙarshe, aka kai unguwar Digel wa jikar wani ɗan'uwanmu. Zarton ya zama dasashi, ramuka kawai. Gwaggo ba ta damu ba a lokacin, don babu matar da ba ta taɓa haihuwa ba a gidan, sai 'yata, wadda ta yi shekara tara da aure shiru. To, sai Allah ya kawo. Ta haifi mace, mai ƙoshin lafiya, mai yawan gashi. Da yarinyar ta shiga wata na biyar ta fara jiƙa gaban rigarta da yawu, Gwaggo ta daina cin abinci da daɗi.

Wata Litinin bayan la'asar ta aiko a kira ni, in zo da takarda da tawada. Na same ta a kan tabarma ƙarƙashin rumfa, 'yata tana gefe tana shayar da yarinya. Gwaggo ta bayyana mini shirinta. Ɗanta direban kamiyo ne, wato babbar mota, yana ɗauko kaya daga Duwala, kuma ranar Alhamis zai tashi. A can akwai wani dattijo, ɗan mai masaukin Kaka, wanda har yanzu zumunci bai yanke tsakaninmu da shi ba. Ana kai masa dabino da kilishi, yana aiko mana da goro. Shi take so in rubuta wa, da ajami don shi yake karantawa, kuma ita ba ta yarda a yi muhimmiyar magana ta tarho ba. A gaya masa ya sa masunta su nemo mana sabon zarto mai cikakkun haƙora, ko da ƙarami ne.

'Yata malamar kimiyyar halittu ce a lise, wato makarantar sakandare. Ta gyara zama, ta ce Gwaggo ta yi haƙuri, amma wannan wasiƙa bai kamata a rubuta ta ba. Ta yi bayani a hankali, irin yadda take yi wa ɗalibanta, sai dai da ladabi. Ta ce masana na duniya suna da wani jeri na halittun da suke ƙarewa, mataki-mataki, kuma kifin nan yana matakin da daga shi sai a ce ya ƙare a ruwa gaba ɗaya. Ta ce a bakin teku ake haifarsa, ya hau kogi ya yi ƙuruciyarsa a ruwan daɗi, ya daɗe kafin ya isa haihuwa, kuma 'ya'yansa ba su da yawa. Zarton da yake neman abinci da shi, shi ne yake sarƙe shi a taru. A kogunan da ya cika a da, yanzu sai a yi shekaru ba a ga ko ɗaya ba.

Ta buɗe tarhonta ta nuna hoto. Gwaggo ta kai shi dab da idonta, ta daɗe tana kallo. Ranar ce ta fara ganin kifin da jikinsa, bayan shekara kusan tamanin tana zaune da hancinsa. Ta ce ashe kyakkyawa ne, kuma da ganinsa ba shi da fitina. Ta yi masa addu'a Allah ya yawaita irinsa. Sannan ta miƙa tarhon ta ce duk ta ji, amma wannan bai shafe mu ba, tunda mu wanda ya yar muke nema.

'Yata ta ce ba ya yarwa. Ta ce ko haƙori ɗaya ya fita daga tushe ba ya sake tsirowa, balle zarton.

Gwaggo ta yi murmushi. "Ke da kika gan shi a tarho, da Baba da ya je har bakin ruwan, wa ya fi sani?"

'Yata ta kawo shawara a aro haƙorin wani daga cikin waɗanda suka girma. Gwaggo ta ce haƙorin da ya yi wa yaro ɗaya aiki ya gama nasa, ba a taɓa maimaitawa ba. Sai 'yata ta juyo ta dube ni, ta ce in sa baki. Na ɗaga kwalbar tawada na duba, na ce ta yi kauri, sai na sake haɗa wata, a bari sai gobe. Tawadar lafiyarta lau. Allah ya yafe mini wannan ma.

Washegari da hantsi 'yata ta biyo ni rumfata a kasuwa, inda nake ɗinkin littattafai da sayar da takarda da gafaka. Ta zauna a kan benci da yarinya a baya. Ta ce abu biyu ne suke damunta. Na farko, an hana ƙetare iyaka da irin wannan kaya, kuma kawunta direba zai iya shiga wahala a hanya saboda abin da bai san hukuncinsa ba. Na biyu shi ya fi tsaya mata a rai. Idan labari ya shiga cikin masunta cewa wani yana neman zarto, kuma aka yi rashin sa'a ɗaya ya faɗa taru, ba za a sake shi ba. Ta ce ba za ta iya rataya wa 'yarta wannan a wuya ba.

A nan na gaya mata abin da ke rubuce a bayan zarton. Ita ce mutum ta farko da ta ji daga bakina. Sai ta tambaye ni me ya hana ni faɗa tuntuni. Na ce Kaka mutum ne mai tafiya, wata tara a hanya, wata uku a gida, kuma ba mai wasa da yara ba ne. A duk labaran Gwaggo, wannan kaɗai ne wanda ya ɗora ta a cinya. Ban ga yadda zan ce mata abin da ya faɗa mata ranar ba gaskiya ba ne.

'Yata ta ce to ita za ta ƙi karɓa kawai, Gwaggo ta yi fushinta ta huce. Na ce ba ta san Gwaggo ba ke nan. Idan na ƙi rubutawa, akwai masu rubuta wasiƙa a ƙofar masallaci, kuma kafin azahar za a kawo mata ɗaya har gida. 'Yata ta tashi tana gyara goyo, ta ce saura kwana biyu, kuma ni kaɗai ne Gwaggo za ta saurara. Ta sayi fensir biyu a wurina don kada a ce ta zo ta tafi hannu sake, ko da yake na ce ta bar shi.

Ranar Laraba da safe, bayan an share tsakar gida, na shiga wurin Gwaggo. Tana shan shayi a ƙaramin kofi, ta turo mini nawa. Ta ga ban zo da takarda ba, ta tambaya ko tawadar ce har yanzu. Na ce a'a, izini nake nema in sauko da zarton. Na hau kujera na sauko da shi, na goge bayansa da ƙyalle a hankali, na zauna kusa da ita inda haske yake shigowa. Na ce rubutun nan ba addu'a ba ce duka, labari ne da Hausa, kuma ina so in karanta mata idan ta yarda. Ta dube ni, ta ajiye kofi, ta ce in karanta.

Ga abin da Kaka ya rubuta, ban ƙara ba ban rage ba: "Wannan na same shi a kogi, ruwan daɗi, tafiyar yini biyu a kwalekwale daga bakin teku. Mace ce. Ta sarƙe a taru, suka kashe ta da gatari ina tsaye. An sami 'ya'ya a cikinta, kowanne da ɗan zartonsa. Ban hana ba, kuma na karɓi wannan. Allah ya gafarta mini."

A waje wata tana daka, kaji suna bin tsaki. Gwaggo ta miƙo hannu na ɗora mata zarton a cinya, ta bi ramukan haƙoran da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, daga wannan gefe zuwa wancan, leɓenta yana motsi. Na ɗauka lissafi take yi, ashe sunayen yaran take kira. Ba ta manta ko ɗaya ba, har waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Sai ta ce in sake karanta wurin 'ya'yan. Na sake.

"Yaushe ka san wannan?"

Na faɗa mata.

"Shekara arba'in kana zaune kana jina ina ba yara labarin wutsiyar tsaka, kana gyaɗa kai."

Na ce tsoro nake ji kada ranta ya ɓaci da Kaka.

"Da Baba? Yarinya tana kuka, me kake so ya ce mata? Ni ma da haka zan faɗa. Ai ga shi ya rubuta gaskiyar ya ajiye wa mai karatu. Mai karatun ne ya zauna a kanta kamar kaza." Ta share ido da gefen mayafi. "Babana, kai ne ka cuce ni, ba shi ba. Da na sani, da duk ranar da na cire haƙori na yi mata sadaka. Mai ciki ce fa."

Na ba ta haƙuri. Ta ce ta ji, amma kada in ɗauka maganar ta wuce, za ta riƙa tuna mini. Ta cika alkawari kuwa.

Na tambaye ta maganar wasiƙa. Ta ce kalas, wato an gama, babu mai nemo mata komai. Sannan ta ce amma yarinyar nan ba za ta fitar da haƙori wuyanta wayam ba, alhali an yi shekara tara ana jiranta. Ta sa na jawo mata adakarta daga ƙarƙashin gado. Ta kwashe zannuwa, ta fito da wani ƙullin tsumma, a cikinsa wata 'yar fata da ta yi baƙi ta ƙeƙashe. Ta ce haƙorin da aka rataya mini ina jariri ne. Mahaifiyata ta ba ta ajiya kafin ta rasu. Ban san yana nan ba.

Na tuna mata abin da ta ce ranar Litinin, cewa ba a maimaitawa. Ta ce ita ta kafa wannan dokar lokacin da take ganin haƙori ba zai ƙare ba, kuma ita ta warware ta yau. Ban da haka, in ji ta, nawa bai yi wani aikin kirki ba, don na yi wata uku ina zawo da kuka, saboda haka da sauran ƙarfinsa.

Da rana aka kai wa baduku ya sake masa fata. Da 'yata ta zo, Gwaggo ba ta yi mata dogon bayani ba, ta dai ce malamar lise ta ci wannan karon. Sai wata gardamar ta tashi. 'Yata ta ce ba a rataya wa jariri igiya a wuya, tana iya shaƙe shi. Gwaggo ta ce yara talatin da huɗu ta rataya wa, babu wanda ya shaƙe. Suka yi ta yi har shayi ya huce. A ƙarshe aka ɗinke shi a kafaɗar rigar yarinya, ta baya, inda hannunta ba ya kaiwa, kuma duk wanki sai an kwance an sake ɗinkewa. Kowacce ta tafi tana ganin ita ta yi rangwame.

Da yamma Gwaggo ta sake kirana, ta ce in zo da takarda, kuma ta ji an ce tawadar ta warke. Wasiƙar da ta shibta mini gajeriya ce. Bayan gaisuwa da tambayar iyali, ta ce a gaya wa dattijon idan yana da masaniya a cikin masunta, ya roƙe su don Allah, duk wanda kifin nan ya faɗa tarunsa ya kwance shi ya sake shi, musamman idan mace ce. Ta sa na kwafe masa layukan Kaka biyar a ƙasa, don ya san dalili. 'Yata ma ta ɗauki hoton rubutun, ta ce masu binciken kifin suna neman irin wannan shaida, don su san kogunan da ya taɓa zama. Gwaggo ta yarda da hoto, amma ta ce zarton ba zai bar ɗakinta ba.

Direba ya tashi ranar Alhamis da wasiƙa da ƙunshin dabino. Ya yi kusan wata guda kafin ya dawo, don hanya ta lalace da ruwa. Kafin nan yarinya ta fitar da haƙora biyu na ƙasa, da ɗan zazzaɓi na kwana biyu. Gwaggo ta ce ba don haƙorin kifin ba, da zazzaɓin ya kai mako.

Amsar dattijon ta zo a cikin kwandon goro, a naɗe cikin ganye. Rubutunsa a karkace yake, na sha wuya kafin in karanta. Ya ce ya kai saƙo har bakin ruwa da kansa. Samarin masunta ba su gane kifin da yake nufi ba, sai da ya zana musu a ƙasa, wasu suka ɗauka wasa yake yi. Wani tsoho a cikinsu ne ya gane. Ya ce rabonsa da ganin irinsa tun yana bin mahaifinsa a kwalekwale, amma ya ji an ce can kudu, a wani kogi da ba a cika shiga ba, akwai wanda ya taɓa hangen ɗaya. Bai tabbatar ba. Sun yi alkawari dai, idan Allah ya kawo.

Na karanta wa Gwaggo sau biyu. Ta tambaya ko kogin da ake faɗa yana da nisa, na ce ban sani ba. Ta ce to ba a ce ya ƙare ba, an dai ce ba a gani ba.

Gwaggo tana da wata al'ada bayan sallar azahar. Takan zauna a kan buzunta ta yi wa mutanen gida addu'a a bayyane, rukuni-rukuni, marasa lafiya daban, masu neman haihuwa daban. Akwai rukunin waɗanda suka yi tafiya aka daina jin labarinsu: wani ƙanen mijinta da ya nufi Sudan tun tana amarya, da wani jikan maƙwabta da ya bi hanyar Libiya. Bayan kwana biyu da zuwan wasiƙar ina wucewa ta ƙofarta zan koma kasuwa, na ji ta kai wannan rukunin. Ta ambaci na Sudan, ta ambaci na Libiya, sannan ta ce da mai zarto, ita da 'ya'yanta, duk kogin da suke, Allah ya tsare su daga taru, ya sa a ji labarinsu. Na tsaya a bakin ƙofa na ce amin. Ta ɗago ta ce tunda ina nan, in miƙo mata carbinta da ya faɗa bayan adaka.